Yadda Fursuna a Amurka Zai Hana a Kori Ƙararsa ta Habeas Corpus Saboda Rashin Bibiya

A kotunan tarayyar Amurka akwai ƙarar da wanda ke tsare yake shigarwa, yana cewa tsarewar da ake yi masa ta saɓa wa tsarin mulki ko dokokin ƙasar, yana neman alƙali ya duba. Ita ce habeas corpus. Ga wanda ya gama ɗaukaka ƙara a kotunan jiha bai dace ba, galibi ita ce damarsa ta ƙarshe. Abin da ke da ciwo shi ne, akan kori irin wannan ƙara alhali alƙali bai ko leƙa hujjojin da ke cikinta ba. An dai aika wa mai ƙara takarda bai amsa ba, ko wasiƙar ta dawo domin an sauya masa gidan yari, ko dala 5 ta kuɗin shigar da ƙara ba ta iso ba. Sai a rubuta cewa mai ƙara bai bibiyi ƙararsa ba, a rufe fayil.

Wannan bayani na wanda ke ciki ne, da kuma 'yan uwansa da ke waje suna kai-kawo. Bai maye gurbin lauya ba. Sai dai yawancin masu wannan ƙara ba su da lauya, domin tun a 1987 Kotun Ƙoli ta ce, a shari'ar Pennsylvania da Finley, tsarin mulki bai wajabta a ba fursuna lauya kyauta ba bayan an gama ɗaukaka ƙara ta farko. Saboda haka nauyin duk yana wuyan mutumin da ko fita tsakar gida sai an buɗe masa.

Daga ina alƙali ya samu ikon kora?

Ƙa'ida ta 41(b) ta ƙa'idojin shari'ar farar hula na tarayya ta ba da damar a kori ƙara idan mai ita ya daina bibiya, ko ya ƙi bin ƙa'ida ko umarnin kotu. A 1962, a shari'ar Link da kamfanin jirgin ƙasa na Wabash, Kotun Ƙoli ta ƙara da cewa alƙali yana iya korar da kansa ko ba wanda ya roƙe shi. A waccan shari'ar, lauya ne bai halarci zaman share fage ba, aka kori ƙarar, kotu kuma ta ce sakacin lauya yana hawa kan wanda ya ɗauke shi. Ƙararrakin habeas ba su tsira daga wannan ba.

Ba a kora da ka. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na tara, wadda Kalifoniya ke ƙarƙashinta, ta ce alƙali ya auna abu biyar: buƙatar jama'a a gama shari'a da wuri, buƙatar kotu ta tafiyar da aikinta, cutarwar da jinkiri zai yi wa wanda ake ƙara, fifikon da doka ke bai wa yanke hukunci a kan ainihin magana, da kuma ko akwai horo mai sauƙi da bai kai kora ba. Yanki na uku yana da nasa ma'auni guda shida tun shari'ar Poulis ta 1984. Ka riƙe waɗannan, domin da su za ka kare kanka idan rana ta ɓaci. Amma kada ka dogara da su. A shari'ar Pagtalunan da Galaza ta 2002, an ba wani fursuna damar ya gyara ƙararsa ya dawo da ita, bai dawo da ita cikin lokaci ba, aka kore ta, kotun sama kuma ta tabbatar.

Mataki na 1: Lissafa shekararka tun kafin ka rubuta komai

A nan ne yawancin mutane ke faɗawa rami, shi ya sa na sa shi a gaba. Dokar da majalisa ta yi a 1996, wadda ake kira AEDPA, ta ba fursunan jiha shekara ɗaya kacal ya shigar da ƙararsa a kotun tarayya. Yawanci ana fara ƙirga ta daga ranar da hukuncinsa ya tabbata, wato ranar da aka gama ɗaukaka ƙara ta kai tsaye, ko ranar da lokacin yinta ya wuce. Wanda ya kai har kotun ƙolin jiharsa ana ƙara masa kwana 90 na neman Kotun Ƙolin Amurka ta saurare shi, ko da bai nema ba.

Ƙirgan yana tsayawa a duk lokacin da kake da ƙorafin bayan hukunci da ka shigar bisa ƙa'ida a kotun jiha. Amma ba ya tsayawa don ka shigar da ƙara a kotun tarayya. Haka Kotun Ƙoli ta yanke a 2001, a shari'ar Duncan da Walker. Duba abin da wannan ke nufi. A ce wata goma sun wuce kafin ka shigar da ƙararka. Ta zauna a kotu wata shida, sannan aka kore ta saboda wasiƙa ta dawo, alƙali ya rubuta cewa kana iya sake shigarwa. A takarda hanya a buɗe take. A zahiri shekararka ta ƙare tun wata huɗu da suka wuce, kuma abu na farko da lauyan gwamnati zai faɗa a sabuwar ƙarar shi ne ka makara.

Don haka ɗauki takarda ka rubuta ranaku huɗu: ranar da hukunci ya tabbata, ranar da ka shigar da ƙorafi a kotun jiha, ranar da aka gama da shi, da ranar da shekarar za ta cika. Fursunan tarayya da ke ƙalubalantar hukuncinsa a ƙarƙashin sashe na 2255 na kundin dokokin tarayya shi ma shekara ɗaya gare shi. Wannan takardar ita ce ta farko a cikin fayil ɗinka, ka kuma aika wa wani amintacce a waje kwafinta.

Mataki na 2: Shigar da ƙara cikakkiya, da kuɗinta a tare

Akwai fom na hukuma: AO 241 ga fursunan jiha da ke bin sashe na 2254, AO 243 ga fursunan tarayya da ke bin sashe na 2255, sai AO 242 ga mai bin sashe na 2241, wanda ya haɗa da waɗanda hukumar shige da fice ke tsare da su. Wasu kotunan suna da nasu fom, kuma shi suke so. Ana samu a ɗakin karatun shari'a na gidan yari, ko ka rubuta wa akawun kotu ya aiko maka. Da Turanci ake cikewa. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi mai taimaka masa, amma ya tabbata an karanta masa kowane layi kafin ya sa hannu.

A ƙarar sashe na 2254 ko 2241, wanda za ka rubuta a matsayin wanda kake ƙara shi ne jami'in da ke tsare da kai, galibi shugaban gidan yarin da kake ciki. Ka jera dukkan dalilanka, kowanne da abin da ya faru a ƙarƙashinsa, ka faɗi abin da kake so kotu ta yi, ka sa hannu bisa rantsuwa. Ƙarar da ba sa hannu a kanta takan dawo da wa'adin gyara, daga nan kuma wahalar ke farawa.

Kuɗin shigarwa dala 5 ne. Ta sashe na 2255 ba a biyan komai. Idan ba ka da shi, ka cike takardar neman a yafe maka, ka haɗa da shaidar jami'in gidan yari mai nuna abin da ke cikin asusunka. Matsalar ita ce ofishin asusun gidan yari ba ya sauri. Ranar da ka nemi a cire kuɗin ko a ba ka shaidar, ka ajiye kwafin takardar neman. Idan kotu ta ba ka kwana 30 ka biya, ka ga mako biyu sun wuce ofishin bai motsa ba, ka rubuta wa kotu ka haɗa da wannan kwafin. Ɗan uwa a waje ma yana iya biya, muddin ya rubuta sunanka da lambar ƙarar a jikin abin da ya aika.

Mataki na 3: Adireshi

Idan abu ɗaya kawai za ka ɗauka daga wannan rubutu, to wannan ne. Kotu ba ta neman mai ƙara. Ba za ta buga waya hukumar gidajen yari tana tambayar inda aka kai ka ba. A shari'ar Carey da King ta 1988, kotun yanki na tara ta faɗa a fili cewa sanar da sauyin adireshi aikin mai ƙara ne, ba na kotu ba, ta kuma tabbatar da korar ƙarar wani fursuna da wasiƙarsa ta dawo.

Amurka tana da kotunan gunduma na tarayya 94, kowace da nata ƙa'idojin cikin gida. A kotun arewacin Kalifoniya, idan wasiƙa ta dawo kuma kwana 60 suka wuce ba a ji daga gare ka ba, ana iya korar ƙarar. Wasu kotunan wa'adinsu bai kai haka ba. Ka nemi ƙa'idar kotunka tun ranar farko, ka kwafe ta da hannunka.

Ana sauya wa fursuna gida ba tare da sanarwa ba, sau da yawa da asuba, kayansa kuma su biyo baya bayan makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ka rubuta takardar sauyin adireshi guda biyu ko uku, da sunan kotu, sunan ƙara, lambar ƙara, sunanka da lambarka ta fursuna, ka bar gurbin sabon adireshi da kwanan wata. Ka haddace lambar ƙarar da adireshin kotun, domin ranar da aka raba ka da takardunka abin da ke kanka kawai za ka tafi da shi. Da ka sauka a sabon wuri, abu na farko da za ka nema shi ne takarda, ambulan da kan sarki. Ko wurin na wucin gadi ne, kamar zangon da ake ajiye mutane kafin a wuce da su, ko asibiti, ko gidan yarin gunduma da aka kai ka don wata shari'ar, ka sanar. Gara ka aika sanarwa uku a wata ɗaya da kotu ta aika umarni inda ba ka nan.

Idan kana da ƙara fiye da ɗaya, kowace da tata sanarwar. Kada ka ɗauka sanar da kotu ɗaya ya wadatar da sauran.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne na waɗanda aka saki. Mutum ya fito, murna ta ɗauke shi, ya ɗauka ƙarar ta mutu tunda ba ya tsare. Ba lallai ba ne. Tun 1968, a shari'ar Carafas da LaVallee, Kotun Ƙoli ta ce ƙarar da aka shigar ana tsare ba ta faɗuwa don an saki mai ita, matuƙar hukuncin yana da sauran illa a rayuwarsa. Ga baƙon da ba ɗan ƙasa ba, wannan illar tana iya zama korarsa daga Amurka gaba ɗaya. Ranar da ka fito, ka aika wa kotu adireshin inda za ka kwana.

Haka kuma sauya maka gidan yari zuwa wata gunduma bayan ka shigar da ƙara a inda ya dace, a ƙa'ida ba ya ƙwace shari'ar daga hannun kotun farko. Ka ci gaba da rubuta mata.

Mataki na 4: Rubuta ranar da ka miƙa kowace takarda

Doka ta yi wa fursuna rangwame ɗaya mai muhimmanci. A 1988, a shari'ar Houston da Lack, Kotun Ƙoli ta ce takardar fursunan da ba shi da lauya ana ɗaukar an shigar da ita ne a ranar da ya miƙa wa jami'an gidan yari don a aika, ba ranar da ta isa kotu ba. Amma sai ka iya nuna ranar. A ƙarshen kowace takarda ka ƙara 'yan layuka: cewa ka saka ta a hanyar wasiƙun shari'a ta gidan yari a rana kaza, an biya kuɗin aikawa, kuma ka faɗi haka bisa rantsuwa. Sashe na 1746 ya amince da irin wannan furuci ba tare da an je gaban mai hatimi ba. Idan gidan yarin yana da hanya ta musamman ta wasiƙun shari'a, ita za ka bi, ba akwatin wasiƙun gida ba.

Ka samu ɗan littafi. A kowane shafi: ranar da takarda ta zo hannunka, ranar da aka buga a jikinta, abin da ta nema, ranar ƙarshe, da ranar da ka amsa. Kada ka yar da ambulan. Tambarin gidan waya da na ɗakin wasiƙun gidan yari da ke jikinsa su ne shaidarka idan takardar da aka rubuta ranar 3 ga wata ba ta zo maka ba sai ranar 19. Bayan lauyan gwamnati ya shigo shari'ar, duk abin da ka aika wa kotu ka aika masa kwafi, ka rubuta a ƙasa cewa ka aika.

Mataki na 5: Amsa kowane umarni, ko da amsar neman lokaci ce

Bayan ka shigar da ƙara alƙali zai yi mata duban farko. Yana iya umartar gwamnati ta amsa, yana iya cewa ka gyara, yana iya cewa wasu dalilanka ba ka kai su kotunan jiha ba tukuna, ka zaɓi abin da za ka yi. Duk takardar da ta zo, ka fara da shafin ƙarshe, domin a nan ake jera abin da aka umarta da kwanakin da aka bayar. Sannan ka dawo farko ka karanta a tsanake.

Idan an ce ka gyara, ka sani sabuwar takardar tana shafe tsohuwa. Duk dalilin da ba ka maimaita ba ya tafi. Idan kuma maganar dalilan da ba su bi ta kotun jiha ba ce, kada ka yi gaggawar janye ƙarar. A 2005, a shari'ar Rhines da Weber, Kotun Ƙoli ta amince alƙali ya jingine ƙara ya jira ka je jiha ka dawo, idan kana da uzuri mai ƙarfi, dalilan ba na banza ba ne, kuma ba jan lokaci kake yi ba. Jinginewa tana kare maka shekararka, janyewa ba ta karewa. Amma wanda aka jingine wa ƙara akan umarce shi ya riƙa ba da rahoto lokaci-lokaci, kuma rashin wannan rahoton ma yana jawo kora.

In ka ga ba za ka iya cika wa'adi ba, ka nemi ƙari kafin ya cika. Ƙa'ida ta 6(b) ta bambanta abu biyu: kafin wa'adi ya wuce dalili mai kyau ya isa, bayan ya wuce sai ka nuna sakacin da za a iya yafewa, wanda ya fi wuya. Shafi ɗaya ya wadatar. Ka faɗi umarnin da kake magana a kai, ranar ƙarshe, abin da ya hana ka, da adadin kwanakin da kake so. “An kulle sashenmu tun ranar kaza, ba a barin kowa zuwa ɗakin karatu, ina neman kwana 30” ya fi shafi biyar na kuka. Idan amsa ba ta zo ba har ranar ta gabato, ka aika abin da ka iya rubutawa, ka ce za ka cika sauran idan an ba ka dama.

Kana iya roƙon a naɗa maka lauya. Doka ta ba alƙali wannan ikon idan adalci ya buƙata, kuma dole ne a naɗa wa marar hali idan za a yi zaman sauraron shaidu. Sai dai roƙon ba ya tsayar da wa'adin da ke kanka.

Shiru mai tsawo daga kotu ba alamar lafiya ba ce ko da yaushe. Idan wata biyu ko uku suka wuce ba ka ji komai ba, ka rubuta wa akawu ka nemi kwafin jerin abubuwan da aka shigar a shari'arka. Wanda ke da lauya ma ya yi haka. Cory Maples, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a Alabama, lauyoyinsa biyu sun bar aiki ba su gaya masa ba, wasiƙun kotu suka koma ba a buɗe ba, lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce. Sai a 2012 Kotun Ƙoli ta ce yasar da shi aka yi, ba laifinsa ba ne. Ya samu mafita, amma bayan shekaru, kuma ba kowa ke kaiwa can ba.

Aikin 'yan uwa da ke waje

Ku ne idonsa. Ku buɗe asusu a PACER, shafin intanet da ke nuna takardun kotunan tarayya. Shafi ɗaya santi 10 ne, kuma idan abin da kuka kashe a wata uku bai wuce dala 30 ba ana yafewa. Ku duba shari'ar duk mako. Idan kun ga an rubuta cewa wasiƙa ta dawo, ku nemo inda yake a ranar: hukumar gidajen yarin tarayya da hukumar shige da fice duk suna da shafin neman wanda ke tsare, jihohi da dama ma haka. Ku sanar da shi ta waya ko wasiƙa, ku karanta masa umarnin da ranar ƙarshe.

Abin da ba za ku iya ba shi ne ku sa hannu a madadinsa ko ku yi masa lauyanci. Doka ta ba da dama wani ya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, amma sai an nuna cewa shi kansa ba zai iya ba, kamar saboda taɓin hankali ko an hana kowa isa gare shi. Wasiƙarku ga akawu cewa an mayar da shi wuri kaza tana iya taimakawa, amma ba ta ɗauke masa tasa sanarwar.

Mataki na 6: Idan takardar gargaɗi ta zo

Kafin kora, alƙalai da yawa sukan aiko da umarni cewa ka kawo dalilin da zai hana a kori ƙararka. A samansa za ka ga an rubuta “Order to Show Cause”. Wannan ba hukunci ba ne tukuna, amma shi ne kira na ƙarshe.

Amsarka ta ƙunshi abu uku. Na farko, abin da ya faru, rana bayan rana, ba tare da zagi ko zargin da ba za ka iya tabbatarwa ba. Na biyu, shaida: takardar sauya gidan yari, kwafin rajistar wasiƙun da suka shigo da sunanka, takardar asibiti, ambulan mai tambari. Na uku, wanda mutane suka fi mantawa, shi ne ka haɗa da ainihin abin da aka nema tun farko. In kuɗi ne, ga shi. In gyararriyar ƙara ce, ga ta. Alƙalin da ya ga uzuri da aiki a ambulan ɗaya yana da wuya ya kora. Daga nan ka taɓo ma'aunan nan: jinkirin gajere ne, bai cutar da gwamnati ba, gargaɗi ya isa. Ka kuma faɗa masa ƙarara, da kwanan wata, cewa shekararka ta ƙare ko ta kusa, don haka kowace irin kora a wurinka ta har abada ce. Kada ka ɗauka ya lissafa da kansa.

A kotuna da yawa alƙalin majistare ne ke fara duba shari'ar, ya rubuta rahoto da shawara ga alƙalin gunduma. Idan ya ba da shawarar a kora, kwana 14 gare ka ka rubuta rashin amincewarka, ana ƙara kwana 3 idan ta gidan waya aka aiko. Ka nuna shafi da layin da ka ce an yi kuskure. Wanda ya yi shiru a nan yana iya rasa damar ɗaukaka ƙara. Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan ƙa'ida a 1985, a shari'ar Thomas da Arn.

Mataki na 7: Idan an riga an kora

Fara neman kalma biyu a cikin umarnin. “Without prejudice” na nufin ana iya sake shigarwa. “With prejudice” na nufin an rufe. Idan alƙali bai ce komai ba, ƙa'ida ta 41(b) tana ɗaukar korar kamar hukunci a kan ainihin magana, kuma akwai haɗarin a ɗauki duk wata sabuwar ƙara a matsayin ta biyu, wadda sai kotun ɗaukaka ƙara ta ba da izini, izinin da ba kasafai ake samu ba. Sannan ka duba ranar da aka shigar da hukuncin a rajista, domin daga ita ake ƙirga komai, ba daga ranar da ya zo hannunka ba.

Cikin kwana 28 kana iya roƙon alƙalin ya sauya hukuncinsa a ƙarƙashin ƙa'ida ta 59(e). Ba a ƙara ko kwana ɗaya a kan wannan wa'adi. Amfaninsa biyu: yana dakatar da lokacin ɗaukaka ƙara har a yanke, kuma a 2020, a shari'ar Banister da Davis, Kotun Ƙoli ta ce ba a ɗaukarsa ƙara ta biyu. In da hali, wannan ce hanyar da na fi so a bi.

Idan 28 sun wuce, saura ƙa'ida ta 60(b). Mai kafa hujja da kuskure ko sakacin da za a iya yafewa dole ya shigar cikin lokacin da ya dace, kuma kada ya wuce shekara ɗaya. Kada ka jira shekarar. Alƙali zai tambayi abin da ka yi tun ranar da ka sani. A nan a yi hattara sosai: ka tsaya a kan dalilin korar kawai, wato wasiƙar da ba ta iso ba ko sauyin gidan yarin. Shari'ar Gonzalez da Crosby ta 2005 ta nuna cewa da zarar ka cusa sabon dalili a kan hukuncin laifinka, roƙon ya zama ƙara ta biyu. Kuma roƙon da aka shigar bayan kwana 28 ba ya dakatar da lokacin ɗaukaka ƙara.

Ɗaukaka ƙara kwana 30 ne, ko 60 idan gwamnatin tarayya ko jami'inta na cikin shari'ar. Sanarwar gajeriya ce, kuma kotun gundumar da ta kore ka ake aika wa. Wannan wa'adi ba ya lanƙwasuwa fiye da yadda doka ta yarda. A shari'ar Bowles da Russell ta 2007, alƙali ne da kansa ya yi kuskure ya ba fursuna kwana 17 maimakon 14 da doka ta yarda, fursunan ya bi maganar alƙali, Kotun Ƙoli ta ce ya makara. Wanda bai samu labarin hukuncin ba sam yana iya roƙon a sake buɗe masa lokaci, cikin kwana 14 da samun labari ko kwana 180 da shigar da hukuncin, duk wanda ya riga cika. Kuɗin ɗaukaka ƙara ya haura dala 500, don haka ka haɗa da takardar neman yafewa.

Fursunan jiha da mai bin sashe na 2255 suna buƙatar takardar izinin ɗaukaka ƙara. Tunda ba a kan ainihin magana aka kore ka ba, shari'ar Slack da McDaniel ta 2000 ta ɗora maka abu biyu: ka nuna cewa alƙalai masu hankali za su iya saɓani a kan ko korar ta dace, kuma za su iya saɓani a kan ko ƙararka ta ƙunshi take haƙƙin da tsarin mulki ya ba ka. Ka rubuta a kan duka biyun. Idan alƙalin gunduma ya hana, ka nema a kotun ɗaukaka ƙara.

Idan kuwa an bar maka damar sake shigarwa, koma kan takardar lissafin nan ta mataki na 1. In da sauran kwanaki a shekararka, kada ka tsaya jiran amsar wani roƙo: cike sabon fom, ka ambaci lambar tsohuwar ƙarar da dalilin korarta a inda fom ya tambaya, ka haɗa da dala 5 ko takardar yafewa, ka miƙa. In shekarar ta cika, sai ka nemi a ɗaga maka ƙafa bisa shari'ar Holland da Florida ta 2010, wadda ke buƙatar ka nuna cewa ka yi ta ƙoƙari ba ka zauna ba, kuma wani abu da ya fi ƙarfinka ne ya tare ka. A nan za ka kwafe shafukan littafinka, da ambulan ɗin da ka adana, da takardun sauya gidan yari, ka jera su bisa kwanan wata, ka liƙa a bayan sabuwar ƙarar.